FIJON BABANMU: BA FENTI KE ƊAUKAR KAYA BA

Na san da yawanku da kun ga sunana kun gyara zama, kuna jiran labarin soyayya kamar yadda na saba kawo muku. To yau dai ku yi mini haƙuri, domin labarin mota na zo muku da shi, kuma ba ma motar gaba ɗaya ba, ƙarƙashinta na baya, inda babu mai leƙawa sai makanike da kajin unguwa. Amma ku daure ku bi ni har ƙarshe, in kun ga babu soyayya a ciki, na yarda ku ci ni tara.

Ni 'yar Ƙaraye ce, a nan aka yanke cibiyata, mahaifiyata kuwa mutuniyar Rogo ce. Tun da na buɗi ido na ga mota ɗaya a ƙofar gidanmu, wata Fijo 504 doguwa, irin wadda ake kira wagon, mai kujeru layi uku, fara ce amma farin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, da ita yake jigila tsakanin Rogo da Ƙaraye da Kano. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya biya mini kuɗin makaranta har na gama sakandare. A cikinta aka ɗauko Inna daga Rogo tana amarya a 1997. Kuma duk unguwarmu babu matar da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare ba a buga mana ƙofa ba. Baba zai fito da jallabiya da tocila, ko kuɗin mai ba ya tsayawa tambaya.

Allah ya yi masa rasuwa a 2022. Tun daga ranar motar ta tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida, damina biyu ta yi a kanta. Gindinta ya zauna ƙasa, hancinta ya ɗaga sama, kamar tsohuwar da ta gaji ta jingina da bango. Kullum in Inna za ta fita unguwa sai ta kawar da kai.

RANAR DA BAFFA YA ZO

Bara da kaka aka sa ranar auren ƙanwata, za a kai ta wani ƙauye a ƙasar Rogo. Ana cikin shirye-shirye sai ga Baffa, wan mahaifinmu, ya zo ya zauna a tsakar gida. Bayan an gaisa ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun yi wa motar kuɗi, gara a sayar a raba wa magada, a rage hidimar biki da shi. Wallahi maganarsa gaskiya ce, kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Yaya." Amma ni da nake kusa da ita na ga yadda take murɗa bakin mayafinta.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah ina neman alfarma. A ba mu wata ɗaya. In motar nan ta tashi ta kai amarya ɗakinta, a bar wa ƙanena ya ci gaba da sana'ar Baba, tun da ya iya tuƙi. In ba ta tashi ba, a kira masu ƙarfe."

Baffa ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "'Yar nan, da kuɗin wa?"

Na ce, "Da nawa, Baffa."

Kuɗin da nake magana a kai kuwa, su ne na shekara guda ina tarawa daga cinikin littafina da adashi, da nufin in kai sabon littafi maɗaba'a. Da daddare Inna ta shigo ɗakinmu. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Ke, kin san abin da kika ɗauko kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta ajiye mini 'yan kunnenta na zinare a kan katifa ta fita, ba ta ƙara cewa uffan ba.

WACECE FIJO 504?

Kafin in ci gaba bari in gabatar muku da ita, don na san wasunku sun taso ba su san darajarta ba. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya fito da ita a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta cinye gasar tseren Safari da ake yi a ƙasar Kenya, a kan hanyoyin laka da duwatsu masu karya motoci. A wannan shekarar ta 1975 ne kuma masana'antar haɗa Fijo ta fara aiki a Kakuri cikin Kaduna. Zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Faransawa sun daina ƙera ta a ƙasarsu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Ku duba fa, shekara ashirin da ɗoriya bayan masu ita sun sallama.

Me ya sa ta yi wannan farin jini a wajenmu? Ba kyan fuska ba ne, ba kuma gudu ba. Ƙafafunta ne. Tana da tsayi daga ƙasa, kuma an yi mata ƙarƙashi mai laushi da juriya, yadda za ta bi hanyar burji mai gargada fasinja na gyangyaɗi. Wagon ɗin ta fi ƙaramar tsawo, kuma saboda kaya aka yi mata sifirin huɗu a baya, biyu dama biyu hagu. Shi ya sa direbobi suka mai da ta jakar ƙarfe, a loda mata buhunan masara da rake da mutane, ta tashi ba ƙorafi.

A GAREJI

Aka ja motar zuwa garejin wani tsohon makanike, aminin Baba ne tun suna samari, mu ma Baba muke ce masa. Na sa hijabina, ƙanena ya raka ni. Ina zuwa na fara zuba: a yi mata fenti, a sake rigar kujeru, a sa mata sababbin fitilu, don kada a yi wa amarya dariya.

Tsohon nan ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, zo nan." Ya kai ni bayan motar ya ce wa ƙanena ya danna ta ƙasa da ƙarfinsa ya saki. Ai kuwa sai ta kama rawa, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar lilo, tana wani ƙara ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Kin gani? Mai lafiya in an danna ta, sau ɗaya za ta taso ta tsaya cak. Injinta ba ya ba ni tsoro, na san shi kamar yunwar cikina, kwana biyu ya ishe ni. Ciwon motar nan a ƙugu yake. Kuɗinki ba zai yi fenti da ƙugu ba, sai ki zaɓi ɗaya. Amma ki sani, fenti bai taɓa kai amarya ɗakinta ba."

Na ji kunya ƙwarai. Na ce, "Baba, to a koya mini, in san abin da zan biya wa kuɗi." Ya yi dariya ya sa yaransa suka kawo mini benci. Kwana tara ina zuwa garejin nan da littafina da biro. Mutane suka yi ta surutu, wai 'ya mace a cikin baƙin mai. Har wani mai zuwa zance wajena, mai wata mota sai sheƙi, ya ce in daina zubar masa da aji a kan akwala, shi zai ɗauko hayar motoci ranar biki. Na yi masa godiya, na kuma rubuta maganar a zuciyata.

Ga abin da na koya, a taƙaice. Abu uku ne ke riƙe da bayan mota. Na farko sifirin, wato ƙarfen nan mai murɗe kamar nadin gammo, shi ke ɗauke da nauyi, ya lotsa in an faɗa rami ya sake miƙewa. Na biyu shokazoba, wani bututu ne mai mai a ciki. In mota ta motsa, man yana matsewa ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, wannan matsewar ita ke kwantar da tsallen sifirin. Ba shi ke ɗaukar kaya ba, shi mai ba da haƙuri ne. Na uku bushin, wato robobin da ake sawa a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, don kada su ci juna. Baba makanike ya ce, "Sifirin shi ne maigida, shokazoba uwargida, bushin kuwa su ne dattawan da ke shiga tsakani. In ɗaya ya mutu, sauran biyun ne ke shan wahala."

YADDA AKA KWANCE TA

Ranar farko babu abin da aka kwance. An dai wanke ƙarƙashin, aka bi kowane noti aka jiƙa shi da mai, aka bar shi ya kwana. Na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Ya ce notin da ya shekara talatin yana shan ruwa da laka, in ka zo masa da ƙarfi karyewa zai yi a ciki, aikin sa'a ɗaya ya koma na kwana uku.

Washegari aka tsai da ita a wuri mai daidai, aka tare tayoyin gaba da duwatsu, aka ɗaga bayan da jak. Wani yaro ya yi wuf zai shige ƙarƙashi, tsohon ya daka masa tsawar da ni kaina sai da na firgita. Sai da aka kawo kututture masu ƙwari aka tokare jikin motar dama da hagu sannan ya yarda aka shiga. Ya ce jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma ya san wanda ya rasa ransa a kan wannan gangancin. 'Yan uwa, in kuna da ƙanne ko yayye masu koyon gyaran mota, don Allah ku isar musu da wannan.

Daga nan aka cire tayoyi, aka sa jak a ƙarƙashin aksul, wato doguwar gadar ƙarfen da ta haɗa ƙafafun baya biyu. Aka kwance shokazoba, sannan aka riƙa sauke aksul ɗin a hankali, a hankali, har sifirin suka saki jiki. Nan ma akwai haɗari, domin sifirin da ke matse in ya kuɓuce, harbi yake yi kamar jaki. Tsohon yana tsugune idonsa a kan robar man birki, kada a sauke da yawa ta tsinke.

Da aka jera sifirin huɗun a ƙasa sai na ga abin mamaki. Ɗaya ya karye daga gindi, tsatsa ta cinye bakin karayar, alamar ya daɗe a haka. Sauran ukun kuma babu wanda tsayinsa ya zo ɗaya da na ɗan uwansa. Shokazoba kuwa, ɗaya duk mai ya tsiyaye ya bi jikinsa ya kama ƙura. Ya miƙo mini ya ce in ja in tura. Wallahi da hannu ɗaya na ja shi, ba wata turjiya, kamar famfon keke. Bushin kuma sun farfashe kamar kaushin dunduniya da hunturu, wani ma babu shi sam, an cusa yankin tsohuwar taya a madadinsa.

Na tsaya ina kallon yankin tayar nan. Tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Ni na sa masa shi. Shekarar da za ki rubuta jarrabawar fita ce. Na ce masa ya sayi sabo, ya ce kuɗin na jarrabawar yarinya ne, a lallaɓa." Ban iya cewa komai ba. Na ja hijabina na rufe fuska. Ashe duk ciwon bayan da Baba yake kuka da shi in ya dawo da daddare, har Inna ta riƙa gasa masa da ruwan zafi, ga inda ya samo shi. Ramukan da roba ya kamata ta shanye, bayansa ne ya shanye su.

KASUWAR ƘOFAR RUWA

Kayan gyaran sai Kano. Muka yi sammako ni da ƙanena da babban yaron garejin, muka ɗauki tsofaffin kayan a buhu don gwadawa, muka nufi Ƙofar Ruwa, kasuwar da in ka rasa ƙarfen mota a cikinta to sai dai ka haƙura. Tsohon ya yi mana gargaɗi uku kafin mu tafi. Na ɗaya, komai bibbiyu ake saye: ba a sa sabon shokazoba a dama a bar tsoho a hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata a kwana. Na biyu, sifirin na wagon daban, na ƙaramar 504 daban, kada a yaudare mu da cewa duk ɗaya ne. Na uku, roba sabuwa za mu saya, ko da ƙarfen na hannu ne, domin tsohuwar roba ko ba a yi aiki da ita ba zafi da shekaru sun riga sun kashe ta.

A wani shago aka nuna mana shokazoba sai ƙyalli, an fesa masa baƙin fenti, kuɗinsa rabin na sauran. Har raina ya biya. Yaron garejin ya tsai da shi a tsaye ya ja ya tura sau uku, sai ga shi yana zamewa, mai na leƙowa ta wuyansa. Ashe matacce ne aka yi wa wanka. Na ce a raina, lallai araha ba ta ado. Muka ƙara gaba muka sayi mai nauyi, wanda sai da ƙanena ya sa ƙarfinsa kafin ya motsa. Kuɗin littafina suka ƙare ƙaf a ranar. 'Yan kunnen Inna kuwa suna ɗaure a bakin zanina, Allah ya rufa asiri ban kai ga kwance su ba.

Da aka zo mayarwa, sai da mai walda ya fara toshe inda tsatsa ta ci mazaunin sifirin, aka kankare aka shafe. Aka buge tsofaffin bushin aka danna sababbi, har da na sandar nan da ke hana aksul zamewa gefe. Aka zubar da tsohon man aksul aka zuba sabo, aka duba birkin baya da wayar birkin hannu tun da an riga an buɗe wajen. Wani abu kuma da ya burge ni, ba a ɗaure notocin bushin tamau ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. Tsohon ya ce in ka ɗaure su tana rataye, da ta sauka robar za ta murɗe, ta zauna cikin ƙunci, wata kaɗan ta yage. Ya ce, "Ko mutum, sai ya ɗauki nauyinsa ake sanin inda zai tsaya."

Da aka cire kututturen nan, sai ga Fijon Baba ta miƙe, gindinta ya taso, ta daidaita kamar an zare mata shekara ashirin. Tsohon ya cika kwanon sha da ruwa ya ba ni ya ce in zauna a kujerar can baya in riƙe. Ƙanena ya ja muka bi hanyar burji ta bayan gari muka dawo. Ba zan yi muku ƙarya in ce ko ɗigo bai zuba ba, amma hijabina bai jiƙe ba.

ABIN DA YA KAMATA KU SANI

Wata za ta ce, ni da ba ni da mota ina ruwana? Ai kuwa da ruwanki, tun da ke ake ɗorawa a baya, ke da goyonki ko tsohon cikinki. Motar da bayanta ya mutu, tayoyinta ba sa manne wa ƙasa sosai, tsalle suke yi, don haka birki ba ya kama ta da wuri, kuma a kwana tana iya kwacewa. In kin zo tasha ki duba: motar da gindinta ya zauna tun ba a yi lodi ba, ko ta karkata gefe guda, ko kika ga tayar baya ta cinye tudu da kwari, ko kuna tafiya kina jin bugu daga ƙasa, ko ta wuce rami ta ci gaba da lilo, to ba lafiya. Da dare kuma irinta ce fitilarta ke haska sama tana kashe wa masu tahowa ido. In da hali ki jira ta gaba. Gara a ce kin makara.

RANAR KAI AMARYA

Ranar biki motar nan ba fenti, sai wanki da ƙanena ya yi mata har sau biyu. Motocin hayar da aka yi mini alkawari kuwa, har yau ban gan su ba, mai alkawarin ma daga ranar ban sake ba shi fuska ba. Baffa da kansa ya zagaya motar, ya danna bayanta ya saki, ya ga ta tsaya cak, ya ce, "Kyan alkawari cikawa. Allah ya yi muku albarka." Tun da safe ta yi sawu biyu da kayan jere, har da tangaran da kofunan gilashi, ko ɗaya bai fashe ba. Da magariba aka fito da amarya tana kuka, gwaggonni biyu suka sa ta a tsakiya, mu ƙawaye da 'yan uwa muka cika baya. Muka kama hanyar Rogo, muka sauka daga kwalta muka shiga burji, har amarya ta yi barci a kafaɗar Gwaggo saboda gajiyar kuka.

Kun san uwa ba ta kai 'yarta ɗaki. Da muka dawo cikin dare na tarar da Inna zaune a zaure ita kaɗai, abin da ban taɓa gani ba. Na kwance 'yan kunnenta na miƙa mata. Ba ta karɓa nan da nan ba, ta ce, "Tun daga kwana na jiyo ku. Shekara da shekaru da ƙarar bugun nan nake gane dawowar mahaifinku. Yau kuwa sai kukan inji kawai na ji. Haka take ranar da aka kawo ni."

Yanzu haka ƙanena na jigila da ita, kuma an koma buga mana ƙofa cikin dare. Littafina bai fito ba tukuna, na sake sabon adashi, masu tambaya ku ƙara haƙuri. Fentin ma yana nan tafe in Allah ya hore.

Shawarata gare ku 'yan uwana 'yan mata, duk wanda ya zo ƙofar gidanku yana sheƙi, mota ce ko mai motar, kada ƙyallin ya ɗauke muku ido. Ku sa manya su leƙa ƙarƙashi, su bincika yadda yake in an ɗora masa nauyi. Kuma wadda mahaifinta ke raye, in ya dawo da daddare yana riƙe da ƙugu, ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi. Ba ki san yankin tayar da ya cusa ba don ki yi karatu.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, da labarin soyayyar da na yi muku alkawari.

Taku har kullum.